Kafin ka zargi kwamfuta, duba baitocin da idonka

Ƙannena masu fara aiki da C, ko Rust, ko duk wani harshen da ke kusantar da mutum da cikin injin: duk manhajar da za ka rubuta, komai kyan fuskarta, ƙarshenta sai ta je gaban kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfutar, ta roƙa a buɗe mata fayil, a karanto mata, a rubuta mata. Shi kuwa kanel bai san suna ba, bai san kuɗi ba, bai san harafi ba. Baiti yake miƙo maka, wato ɗan awon bayanai mai bit 8, tare da lamba ɗaya mai gaya maka yadda aka kwashe. Kusan duk wahalar da na sha a farkon aikina a kan Linux daga wuri biyu ta fito: ko dai na ƙi duba lambar nan, ko na ɗauka baitocin suna nufin abin da raina ke so.

Mu fara da read(), kiran da ake roƙon kanel ya karanto bayanai da shi. Ka ce a ba ka baiti 1024, to ba dole ne ka samu 1024 ba. Kamar ka kai buhu wurin mai awo ne ka ce a zuba maka mudu goma, ya zuba shida ya faɗa maka da bakinsa cewa shida ne, kai kuma ka ɗaure buhu ka tafi ba ka saurare shi ba. Na taɓa rubuta ƙaramar sabar da ke karɓar saƙo ta TCP, ƙa'idar jigilar bayanai a intanet, ina kiran read() sau ɗaya ina ɗauka saƙon ya iso duka. Da na gwada a kan kwamfuta ɗaya, komai sumul. Da aka fara aikowa ta layin waya a inda sabis ke yi yana ɗaukewa, sai saƙonni suka riƙa zuwa a gutsure, wani lokaci kuma biyu a manne. TCP bai san inda saƙonka ya fara ko ya ƙare ba. Kai ne za ka sa tsawon saƙon a gabansa, ka yi ta karantawa har adadin ya cika. Idan read() ya dawo da 0, ɗaya ɓangaren ya rufe. Idan -1 ne, duba errno, inda ake ajiye lambar kuskuren, nan take, kafin ma ka kira printf, domin kowane kira na gaba yana iya canza shi. Wani sa'in EINTR ne kawai, sigina ce ta katse ka, sai ka sake kira. Haka write() ma yake rage awo.

Batun jerin baiti ba zan daɗe a kansa ba. Injinan Intel da AMD, da galibin wayoyi masu ARM, suna fara ajiye ƙaramin baiti ne, ƙa'idojin intanet kuwa da babba suke farawa. In ka manta htons(), mai juya baiti zuwa jerin intanet, ka ce sabarka ta saurara a ƙofa ta 8080, za ka same ta zaune a 36895, saboda baitocinta biyu, 1F 90 a rubutun hex (ƙirga mai tushe 16), sun koma 90 1F. Kada kuma ka ɗauki struct, wato ƙunshin filayen bayanai, sukutum ka zuba a fayil ko ka aika: char ɗaya da int ɗaya baiti 5 ne a lissafinka, amma kompaila yakan cusa giɓi a tsakani su zama 8. Rubuta kowane fili daban, da faɗin da ka zaɓa da kanka.

Inda nake so ku tsaya da kyau shi ne rubutu, don mu abin ya fi shafa. A UTF-8, tsarin mayar da haruffa baiti da Ken Thompson da Rob Pike suka fito da shi a 1992, haruffan Turanci baiti ɗaya-ɗaya ne. Namu masu lanƙwasa biyu-biyu ne: ƙ shi ne C6 99, ɗ shi ne C9 97, ɓ kuma C9 93. Alamar naira ₦ uku take ci. Saboda haka kalmar "ƙasa" harafi huɗu ce, amma strlen() zai ce maka biyar, kuma bai yi ƙarya ba, baiti yake ƙirgawa. Ni na ware wa suna baiti 20 a wata manhajar rajista, duk wanda ya zarce sai a datse. Duk sunayen da na yi gwaji da su babu lanƙwasa a ciki, don a lokacin ni kaina "k" da "d" nake bugawa saboda ganda. Ranar da almakashin ya faɗa tsakiyar ƙ, sai C6 ya rage shi kaɗai a wutsiyar sunan, manhajar da ke karɓa a gaba ta ce wannan ba UTF-8 ba ne, ta watsar da fayil ɗin gaba ɗaya. Suna ɗaya ya tsayar da na kowa. Gyaran kuwa ɗan kaɗan ne: duk baitin da ke tsakanin 80 da BF ci gaban harafi ne, idan wurin yankanka ya faɗa kansa sai ka ja da baya.

Ka koyi gane alamun ciwon ma. In ka ga "Æ™asa" a allo, babu abin da ya lalace. Baitocin UTF-8 ne aka karanta da tsohon tsarin Windows-1252. Kada ka bi su kana gyarawa da hannu, nemo inda aka yi musu mummunar fassara. Kuma idan manhajarka tana tura tes, ka sani ƙ guda ɗaya yana mayar da saƙon daga haruffa 160 zuwa 70, tunda babu shi a haruffan GSM na asali. Wasu kan cire lanƙwasar don su rage kuɗi. Ni ban so, amma in za a yi, a yi shi da sani.

Sai lambobi. An gaya mini kada in ajiye kuɗi a float, wato mazubin lamba mai ɗigo, tunda ko 0.1 ba ya zama daidai a lissafin kwamfuta, na ji, na koma ajiye kwabo a int. Abin da ban lissafa ba shi ne int mai bit 32 yana tsayawa a 2,147,483,647, wato naira 21,474,836 da kwabo 47. Yau wannan ko kuɗin mota mai kyau ya kai? Jimillar ta haye, rahoto ya fito da alamar debewa a gaba, kuma babu abin da ya yi ƙara. A C ma, zarcewar lamba irin wannan harshen bai ƙayyade abin da zai biyo baya ba. Yi amfani da int64_t, mai bit 64. Wurin mayar da rubutu lamba kuma ka rabu da atoi(): ka ba shi shirme ya dawo maka da 0 hankali kwance, alhali strtol() yana nuna maka inda ya tsaya da ko lambar ta yi yawa.

Kada ka ɗauka sai 'yan koyo ke faɗa wa wannan rami. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya da tashinta daga Kourou, saboda an tura lamba mai bit 64 cikin mazubi mai bit 16. Manhajar daga Ariane 4 aka gado ta, inda lambar ba ta taɓa girma haka ba, kuma na'urar ko-ta-kwana ta faɗi don ita ma manhajar ce a cikinta. Agogon Unix mai bit 32 shi ma zai cika ranar 19 ga Janairun 2038. In kana rubuta wa ƙananan na'urori masu daɗewa a bakin aiki, duba faɗin time_t, mazubin da ke riƙe wannan agogo, tun yanzu.

Akwai kuma wanda mu da ake ɗauke wa wuta ba sallama ya kamata mu fi kowa sani. write() ya dawo lafiya ba ya nufin bayanan sun sauka a faifai. Suna iya zama a memori, Linux yakan bar su har kimanin daƙiƙa 30 kafin ya kwashe. Na rasa fayil ɗin saituna ta wannan hanya, tsohon ya goge, sabon bai sauka ba. Yanzu sabon fayil nake rubutawa a gefe, in kira fsync() don ya sauke shi a faifai, sannan in yi rename() a kan tsohon, domin sauya sunan ko dai ya faru duka ko bai faru ba.

Idan abu ya rikice, kafin ka taɓa layi ko ɗaya, sa manhajar ƙarƙashin strace ka ga kowane kira da abin da kanel ya amsa, sannan ka buɗe fayil ɗin da xxd, mai nuna baitocinsa ɗaya bayan ɗaya. Shafukan man sashe na 2 kuma, masu bayanin kiraye-kirayen kanel, suna nan cikin kwamfutarka, ba sa cin data. A kowane shafi fara karanta ɓangaren abin da kiran ke dawowa da shi da jerin kurakuransa, sannan ka koma sama.