Ƙullutun da ke wuyan Yaya

Tun kafin azumin bara Yaya ta fara ramewa, alhali tana ci kamar gara. Ko a hunturu sai ka ga zufa a goshinta, kofin shayi na rawa a hannunta, idanunta sun firfito. Inna ta dage sammu ne, aka sha rubutu har aka gaji.

Gwajin jini ya nuna cutar Graves: garkuwar jikinta ce ke tunzura tayirod, halittar nan da ke gaban maƙogwaro, tana fitar da sinadari fiye da ƙima. Aka ɗora ta kan carbimazole, maganin rage sinadarin, bugun zuciyar ya lafa, muka ce Alhamdulillahi.

Ashe da sauran rina a kaba. Hoton wuya ya nuna ƙullutu, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Da bakina na ce, "Yaya, maƙoƙo ne kawai," don na ɗauka ciwon daji ba ya haɗuwa da Graves. Har yau maganar tana ci mini rai. Da aka zuƙo shi da siririyar allura, sai ga ciwon daji, nau'in papillary, wanda ya fi yawa kuma ya fi jin magani.

An cire tayirod ɗin gaba ɗaya. Bayan tiyata leɓɓanta da yatsunta suka riƙa yi kamar ana tsikarinsu da allura saboda ƙarancin kalsiyam, muryarta ta dushe makonni. Yanzu kullum da asuba takan haɗiyi levothyroxine, maganin da ke maye gurbin sinadarin tayirod, kafin karin kumallo, kuma haka za ta yi muddin ranta. Jiya na ga ta fito tsakar gida ba ta rufe tabon da mayafi ba.