Yadda na sa openpyxl cikin PythonScript na Notepad++

Aikin da ya kawo maganar: sunayen manoman shinkafa na wata ƙungiya a Argungu, an turo su ta WhatsApp layi-layi, ana son su a fayil ɗin Excel. A shagonmu na buga takardu a Birnin Kebbi da Notepad++ muke gyara irin wannan rubutu, kuma fulogin ɗin PythonScript, ƙarin da ke ba ka damar gudanar da Python a cikin editan, yana ciki. Abin da ya rage shi ne openpyxl, modul ɗin da ke rubuta fayil ɗin xlsx.

Na buɗe cmd, tagar rubuta umarni ta Windows, na rubuta pip install openpyxl (pip ne ke sauko da modul na Python), ya sauka lafiya. Na koma Notepad++ na ce import openpyxl, sai ga ImportError, wato bai ga modul ɗin ba. Dalili kuwa, PythonScript da nasa Python yake zuwa, bai san da wanda ke kan kwamfutar ba. Saboda haka kafin ka sauke komai, buɗe Show Console na PythonScript a ƙarƙashin Plugins ka rubuta import sys, sannan print(sys.version) da print(sys.path). Na farko zai gaya maka wane Python ne, na biyu kuma foldojin da yake dubawa. Nawa 2.7 ne, domin abin da PythonScript 2 ke amfani da shi ke nan. PythonScript 3 ne ke tafiya da Python 3.

Wannan ya canza lissafi. An daina kula da Python 2.7 tun farkon 2020, kuma openpyxl daga 3.0 ya rabu da shi, 2.6.4 ne na ƙarshe da ke aiki. Sai na girka Python 2.7.18 a gefe, don pip ɗinsa kawai, na ba da wannan umarni:

C:\Python27\python.exe -m pip install --target "%APPDATA%\Notepad++\plugins\config\PythonScript\lib" openpyxl==2.6.4

Na fi son wannan folda a kan lib ɗin da ke Program Files: ba ta neman izinin admin, kuma sabunta fulogin ba ya taɓa ta. Kada ka kwafi foldar openpyxl ita kaɗai da hannu. Tana da 'yan rakiya, jdcal da et_xmlfile, pip ne ke kawo su tare. Akwai kuma wani zaɓi a Configuration, Prefer installed Python libraries, amma ban so shi ba, don sikirif ɗin zai yi aiki a kwamfutarka ya ƙi a ta maƙwabcinka.

openpyxl zallar Python ne, shi ya sa bai ba da wahala ba. Modul mai fayil ɗin pyd a ciki, irin lxml ko numpy, dole ya dace da editan kansa. Idan Notepad++ mai bit 32 ne, pip ɗin ma na Python mai bit 32 za ka ɗauka, ko da Windows ɗinka mai 64 ne. In ba haka ba DLL load failed za ka gani. Debug Info da ke ƙarƙashin alamar tambaya yana nuna wanda kake da shi.

Inda na fi daɗewa shi ne haruffanmu masu lanƙwasa. A 2.7, editor.getText(), umarnin da ke ɗauko rubutun da ke cikin editan, bayit (ɗanyun lambobin kwamfuta) yake dawowa da su, ba haruffa ba. Ɗanjuma da Ƙasimu sai su jawo UnicodeDecodeError ko su fito a hargitse. Maganin: tabbatar fayil ɗin UTF-8 ne a menu na Encoding, sannan ka rubuta editor.getText().decode('utf-8'). Sunan manomi ba abin wasa ba ne, harafi ɗaya ya kauce sai ya saɓa da na katinsa.

Bayan girkawa rufe editan ka sake buɗewa, domin modul ɗin da ya riga ya loda yana nan zaune a ƙwaƙwalwa. Kuma kada ka sa wa sikirif ɗinka sunan modul ɗin da kake kira.

Sauran kwamfutoci biyu na shagon ban ƙara kashe data a kansu ba. Da na ga fuloginsu irin nawa ne, foldar lib ɗin na kwafa a filashi na zuba musu.