Aikin da ba ya ɗauke da sunanki: darussan da na koya a tallan intanet

Duk wadda ta taɓa riƙe wa kamfani asusun talla ta san yadda ranar barin aiki take. Kafin ki gama kwashe kayan teburinki an cire ki daga Ads Manager, wato shafin da ake sarrafa tallan Facebook da Instagram, an rufe imel ɗin ofis, an fitar da ke daga rukunin ma'aikata. Minti biyar ya isa. Kamfen ɗin da kika gina shekara uku ko huɗu, jadawalin da ya nuna yadda kika karya kuɗin samun mai saye ɗaya, sunayen masu kasuwancin da kika tayar wa da ciniki, duk sun koma bayan ƙofar da aka kulle. A wurin neman sabon aiki sai a ce ki nuna abin da kika yi, ki yi tsuru. Masu kasuwancin kuma ba su san ki ba. Oga suka sani, shi ke shiga taron ƙarshen wata da rahoton da kika kwana kina haɗawa.

Wannan darasin ya fi kowanne ci min rai, kuma ba zan ɗora wa ogan laifin duka ba. Mata da yawa a fagen nan sun shigo da imanin cewa aiki mai kyau shi zai yi magana da kansa. A tallan intanet kuwa, wanda ya riƙe rahoto a gaban mai kuɗi shi ke magana, ya ɗauki yabo idan an ci riba, ya nuna ki da yatsa idan an faɗi.

Ga yadda nuna yatsan yake faruwa, don kusan kullum hanyarsa ɗaya ce. Idan kika kunna sabon rukunin talla a Facebook ko Instagram, yana shiga abin da Meta, kamfanin da ya mallake su, ke kira zangon koyo, lokacin da na'ura ke laluben irin mutanen da za su saya. Kafin ya fita daga zangon yana bukatar sakamako, kamar ciniki, kusan 50 cikin kwana 7. A wannan tsakanin farashi yana hawa yana sauka, kuma duk gyara mai nauyi, kamar sauya hoto ko rubutu, canza waɗanda ake hari, ƙara sabon talla a rukunin, ko ninka kasafi lokaci guda, yana mayar da lissafin farko. To ranar Litinin kin kunna. Ranar Talata da daddare mai kasuwanci ya kira oga yana ƙorafin bai ga ciniki ba. Oga ya shiga da wayarsa, ya ninka kasafi, ya rage shekarun waɗanda ake hari, ya sa hoton da ya fi burge shi. Ranar Alhamis kuɗin kowane ciniki ya yi sama, a taro kuma sai ki ji an ce, "Tallan da ta saka ne bai karɓu ba, za mu duba."

Maganin yana cikin asusun. Meta da Google Ads duk suna ajiye tarihin canje-canje: wa ya taɓa me, da ƙarfe nawa. Ki ɗauki hotonsa, ki jera shi da jadawalin farashi na ranakun, ki aika wa oga imel na layi uku ba zafi ba zargi: ga canjin da aka yi ranar kaza, ga abin da ya biyo baya, ina ba da shawarar a bar rukunin ya cika mako. Kada ki kunyata shi gaban mai kasuwanci, ba za ki ci wannan faɗan ba. Abin da kike so shi ne ya san akwai shaida a rubuce. Galibi daga nan hannunsa ke raguwa a asusun.

Tun kafin a kunna ma akwai lissafin da ke kashe rabin rigimar. Ki ɗauki kuɗin da ake sa ran sakamako ɗaya zai ci, ki ninka sau 50, ki raba gida 7. Abin da ya fito shi ne kasafin yini da rukuni ɗaya ke bukata. Idan kuɗin mai kasuwanci bai kai ba, kada ki tsattsaga shi gida biyar don a ga kina aiki, kowane rukuni sai ya nemi nasa 50 ɗin. Ki haɗe su, ko ki zaɓi matakin da ya fi yawan faruwa, kamar sa kaya a kwando maimakon biyan kuɗi. Ki kuma rubuta wa kowa tun farko cewa ba za a yanke hukunci ba sai mako ya cika.

Sai batun lambobi. Tun da Apple ya fitar da iOS 14.5, sabon tsarin wayar iPhone, a watan Afrilun 2021, masu iPhone suka samu damar hana manhajoji bibiyarsu, Meta kuma a wannan shekarar ya rage kwanakin da yake danganta ciniki da danna talla daga 28 zuwa 7. Don haka abin da Ads Manager ya ce, da abin da Google Analytics mai ƙirga masu shiga shafi ya ce, da abin da littafin mai shago ya ce, ba za su taɓa zama ɗaya ba. Wanda ke neman laifinki zai zaɓi wadda ta fi muni. Ku amince da ma'auni guda kafin a kashe ko sisi, kuma ya zama ciniki ko tambayar mai saye, don laik da mabiya ba sa biyan albashi. Ki maƙala alamun UTM, waɗanda ke nuna daga inda mai shiga shafi ya fito, a kowane link, da ƙananan haruffa kullum, domin Google Analytics yana ƙirga "Facebook" da "facebook" a matsayin hanyoyi biyu daban.

Kowane ƙarshen wata ki rubuta wa kanki shafi ɗaya: matsalar da aka zo da ita, abin da kika canza, da sakamakon a kashi cikin ɗari. Ba sunayen masu saye, ba ainihin kuɗin kamfani, kuma ki karanta sharaɗin sirri da ke cikin takardar aikinki kafin ki nuna wa kowa. Idan za ki ambaci sunan kasuwanci, ki nemi izini a rubuce lokacin da ake murna da sakamako, don bayan an rabu amsar takan canza. Ki sa sunanki a shafin farko na rahoto. Ki nemi minti biyar a taro ki yi bayanin lambobin da bakinki. Idan an hana sau uku, kin san irin wurin da kike.

Wadda ta koma cin gashin kanta kuma, kada ta yi wa wasu abin da aka yi mata. Shafi, asusun talla, fiksel (ɗan lambar da ake dasawa a shafi don bibiyar masu saye) da sunan gidan yanar gizo duk su kasance a hannun mai kasuwanci, shi ya ba ki izinin shiga. Asusun tallan da aka buɗe a ƙarƙashin kundin kasuwancinki na Meta ba ya komawa na wani, ranar rabuwa sai dai a fara daga tushe. Masu cikakken iko su zama akalla biyu, da tantancewa mai mataki biyu. Katin bankinsa za a saka, ba naki ba.

Game da sanin mutane, an cika mu da masu ba da shawara. Shawara tana da amfani, amma wanda ke ambaton sunanki a ɗakin da ba kya ciki lokacin da ake rabon aiki ya fi masu shawara goma, kuma ba a samunsa da roƙo. Sai ya ga aikinki da idonsa, wato dai komawa ga rahoton nan. Tun 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa labarin aiki ya fi zuwa daga waɗanda aka sani sama-sama, domin na kusa da ke abin da kika ji shi suka ji. A fagenmu su ne mai haɗa shafin da ya dasa miki fiksel, akawun kamfanin da kuka daidaita lissafi tare, da abokiyar aikin da ta tafi bara. Saƙon da ke cewa "ina so mu ƙulla alaka" ba ya samun amsa. Tambaya guda takamaimai, wadda za a iya amsawa cikin minti biyu, ita ke samu. Bayan wata ɗaya ki koma ki faɗi abin da shawarar ta haifar, nan ne kusan kowa ke sakaci.

Ƙungiyoyin mata zalla suna da tarihi: Anita Borg ta kafa Systers, zauren imel na mata masu aikin kwamfuta, a 1987, ita da Telle Whitney suka fara taron Grace Hopper na matan wannan fanni a 1994. A irin waɗannan wurare ake jin abin da ba a faɗa a fili, wa ke riƙe kuɗin mutane, wa ke turo saƙo da tsakar dare da sunan "aiki". Sai dai masu sa hannu a kwangila galibi ba sa cikin ɗakin, don haka a riƙa fita zuwa tarukan da kowa ke zuwa. Ƙungiya kuma tana iya mutuwa. Women Who Code, ƙungiyar mata masu rubuta manhaja, ta rufe a watan Afrilun 2024 saboda rashin kuɗi, waɗanda suka tsira da wani abu su ne masu lambobin juna a hannu.

Sauran a taƙaice. Ganawa da wanda ba ki sani ba, da rana, a wurin jama'a, a bi ta da imel. Albashi, ki tambayi maza ma nawa ake ba su. Aikin kyauta "don a san ki" a sa masa iyaka a rubuce. Ki matsa wa kowane mai kasuwanci ya tara imel ɗin masu sayensa, domin ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke kusan awa shida. Mai aika imel sama da 5,000 a rana zuwa Gmail kuwa, tun Fabrairun 2024 dole ya saita SPF da DKIM da DMARC, wato hanyoyin tabbatar da cewa imel ɗin daga gare shi ya fito, da maɓallin cire kai daga jerin masu karɓa.

Kafin ki miƙa takardar ajiye aiki, ki duba imel ɗin da kike shiga LinkedIn da shi, idan na kamfani ne ki mayar da shi naki. Ki nemi mutum biyu su rubuta miki shaidar yabo a can tun kuna gaisawa kullum. Lambobin tantancewa na asusun kamfani da ke wayarki ki miƙa su ga wanda zai gaje ki, tare da jerin kamfen ɗin da ke gudana da ranar da kowanne zai ƙare, ki sa a amsa miki a rubuce cewa an karɓa.