Lallen amare da tambayar da ke cikin fom ɗin zaman Amurka

A watan jiya ƙanwata ta kira ni daga Houston wajen ƙarfe sha ɗaya na dare, ina ƙofar shagona a Agege ina haɗa lissafin cinikin ranar, kuma tun daga sallamarta na gane cewa ba gaisuwa kaɗai ta kawo ta ba. Shekara uku ke nan da ta tafi karatun digiri na biyu da bizar ɗalibai, wadda ake kira F-1, a bara kuma aka ɗaura mata aure da wani yaro ɗan asalin Zariya wanda a Amurka aka haife shi, wato ɗan ƙasar Amurka ne. Mijin ya shigar mata da fom ɗin I-130, wanda ake nema wa dangi zama da shi, ita kuma tana cike I-485 na neman katin zama na dindindin, sai ta ci karo da tambayar da ke cewa ko ta taɓa yin aiki a ƙasar ba tare da izini ba. Amsa biyu ce kawai aka tanadar, e ko a'a.

Ta ce, “Yaya, ni fa ban san ko abin da na yi sunansa aiki ba.” Abin da ta yi kuwa shi ne lalle da kitso. Hannunta tun tana ƙarama ya yi suna a unguwarmu, da ta je can kuma sai 'yan Najeriya suka riƙa kiranta ranar kamu, a ba ta dala tamanin ko ɗari ta Zelle, hanyar tura kuɗi tsakanin asusun banki a Amurka. Bayan wannan, a watanninta na farko ta ci gaba da yi wa wani kamfani na Ikeja lissafin kuɗi ta kwamfuta, ana biyanta da naira a asusunta na gida. Ƙa'idar bizar ɗalibai ita ce aikin da bai wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu, kuma a cikin makaranta, duk wani aiki na waje sai an nemi izini tukuna. Ba ta nema ba, domin ba ta ɗauki kwanon lalle a matsayin sana'a ba.

Washegari maganar ta isa gaban Kawu, wanda ya shekara talatin yana canjin kuɗi, kuma a gidanmu shi ake ɗauka masanin harkar ƙasashen waje. Hukuncinsa bai ɗauki minti biyu ba. Ya ce, “Ta rubuta a'a. Wa ya gan ta? Lalle ai zumunci ne.” Wani mai cika wa mutane fom ɗin biza a kusa da mu ma haka ya faɗa, har da rantsuwa. Ba zan ɓoye ba, ni ma da farko zuciyata can ta karkata, saboda mu a Legas mun saba cika takarda da abin da muke zaton jami'i yana son ji, mu bar sauran ga Allah.

Mijinta ne ya ƙi. Ya biya kuɗin ganawar awa ɗaya da lauyar shige da fice, aka sa ni a wayar ina saurare, kuma abin da na ji ya nuna mini cewa gaba ɗayanmu mun ajiye tsoronmu a inda bai kamata ba. Sashe na 245(c) na dokar shige da fice ta Amurka ya hana wanda ya yi aiki ba izini sauya matsayinsa zuwa mazaunin dindindin daga cikin ƙasar, amma dokar ta keɓe makusantan ɗan ƙasa, wato mata ko miji, da 'ya'yan da ba su kai shekara 21 ba kuma ba su yi aure ba, da iyayen ɗan ƙasar da ya kai 21. Ƙanwata tana cikin waɗanda aka keɓe, tun da ta shiga ƙasar da biza ta halal. Da a ce mijin mai katin zama ne kawai, ba ɗan ƙasa ba, da wannan sassauci bai same ta ba, kuma wannan bambanci ne da mutanenmu da yawa ba sa lura da shi idan suna kwatanta labarin wane da na wance.

Ƙarya kuwa hukuncinta daban ne. A ƙarƙashin sashe na 212(a)(6)(C)(i), wanda ya ɓoye gaskiya da gangan a kan abu mai muhimmanci domin ya samu biza ko katin zama, ana iya haramta masa ƙasar har abada, kuma neman afuwa ta fom ɗin I-601 sai an tabbatar da cewa matsanancin ƙunci zai samu miji, mata ko iyaye waɗanda 'yan ƙasa ne ko masu katin zama. Fom ɗin kansa da rantsuwa ake sa masa hannu, sannan a sake rantsar da mutum ranar ganawa. Kawu ya ce wa ya gan ta, alhali tarihin Zelle yana nan a banki, hotunan hannayen amare kuma suna shafinta na Instagram, da lambar waya a ƙasa.

Tambayar da lauyar ta fi nanatawa ita ce ko ƙanwata ta taɓa cika fom ɗin I-9, wanda kamfanoni ke ba sabon ma'aikaci, ta zaɓi gurbin da ke cewa ita 'yar ƙasa ce. Tun daga 30 ga Satumba, 1996, wanda ya yi da'awar zama ɗan ƙasar Amurka ta ƙarya kusan ba shi da ƙofar afuwa, ko da aurensa na gaskiya ne. Alhamdu lillahi, amare ba sa raba fom. Game da aikin Ikeja, lauyar ta ce biyan kuɗin da naira bai fitar da shi daga zargi ba tun da a ƙasar Amurka take zaune lokacin da take yinsa, don haka a bayyana shi tare da sauran, a kuma nemi akanta ya gyara takardun harajinta na shekarun.

Da Kawu ya ji, sai ya ce to ta dawo gida ta nema daga ofishin jakadancinsu na titin Walter Carrington a Victoria Island. Wannan ma an hana ta, domin mai bizar ɗalibai da ya fita ƙasar bayan ya shigar da I-485, ba tare da takardar izinin tafiya ba, ana ɗauka ya janye buƙatarsa ne.

Ta zaɓi e, ta rubuta bayani na layi shida a shafin ƙarin bayani, da watanni da irin aikin, ba ƙari ba ragi. Lauyar ba ta yi mata alkawarin komai ba, domin jami'in da zai duba takardun yana da ikon auna al'amarin gaba ɗaya kafin ya amince. Yanzu ranar ganawa suke jira. Kawu har yau bai gamsu ba, shekaranjiya ma bayan sallar Magariba sai da ya ce mini yarinya ta kai ƙarar kanta da kanta, Hajiya kuwa ta aika mata saƙon murya cewa ta ajiye kwanon lallen nan sai takardar izinin aiki ta fito.