Wasiƙa daga Ingila: jinyar maigida bayan gashin ƙwaƙwalwa

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida,

Ina gaishe ku, da fatan kowa yana lafiya. Saƙonninku suna isowa, kuma kusan duk tambaya ɗaya ce: yaya jikin maigida, wai da gaske ne ƙona masa kai ake yi? Bari in amsa muku gaba ɗaya.

Sunan cutar melanoma, kansar fata ce da ke tasowa daga ƙwayoyin da ke ba fata launi. Ta fi kama fararen fata saboda rana, shi ya sa muke ɗauka ba ruwanmu da ita. Mu kuwa a tafin ƙafa ta fi fito mana, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Ta maigida baƙin tabo ce a diddige, wanda ya gani zai ce kaushi ne. Irinta aka gano wa Bob Marley a yatsan ƙafa a 1977, ta haura har ƙwaƙwalwa, ya rasu a 1981 yana ɗan shekara 36. Don haka duk wanda ke da tabo a ƙafa yana faɗi, yana sauya launi ko yana jini, ya je asibitin koyarwa, Zariya ko Kano ko Sakkwato, a yanki tsoka a auna.

Ta maigida ma ta haura ƙwaƙwalwa ta yi ƙullutu, shi ya sa aka yi masa gashi, wato harba wa ƙullutun haske mai ƙarfi da na'ura. Gashin ba wuta ba ne, kuma ba ya zafi. Kafin a fara, sai da suka ɗauko wata roba mai huji-huji, suka tsoma ta a ruwan ɗumi ta yi laushi, suka shimfiɗa masa a fuska har ta sandare da siffar hancinsa da haɓarsa. Da ita ake ɗaure kansa a jikin gado kada ya motsa. Kowa sai ya fita daga ɗakin, har ma'aikatan, ta kyamara suke kallonsa. Na'ura ta zagaya kai tana ƙara na 'yan mintoci, shi ke nan. Ya ce ba abin da ya fi damunsa kamar matsin robar, sai ya riƙa tasbihi da yatsu har a kwance shi. Idan ƙullutun kaɗan ne kuma ƙanana, su kaɗai ake harba wa hasken, wani lokaci a zama ɗaya. Idan sun yi yawa, kamar nasa, sai a gasa kan baki ɗaya, galibi zama 10 cikin mako biyu.

Wata 'yar uwa ta ce in ware masa kwano da kofi. Babu buƙata. Hasken ba ya zama a jiki, yara ma suna iya hawa cinyarsa da ya dawo.

Jinyar gaske a gida take, kuma ranar da aka gama gashi ta soma tsanani. Ƙwaƙwalwa tana kumbura, sai aka ɗora shi a kan dexamethasone. Maganin yana aiki, amma da kayansa yake tafe: yunwa tsakar dare, rashin barci, hawan sukari, kumburin fuska, ga saurin fushi. Mutumin da ban san shi da ɗaga murya ba, ran nan a kan shayi ya huce ya yi mini tsawa har maƙwabta suka ji, can an jima na same shi yana hawaye. Wata nas ce ta zaunar da ni ta ce in daina ɗaukar abin a raina, magani ne. Tun daga nan in ya fara sai in ce, "Baban yara, Allah ya huci zuciyarka," in fita kicin in sha iska. Ba a kuma yanke maganin kwatsam, a hankali likita ke rage shi. Littafi na ajiye, ina rubuta awon sukari, lokacin kowace ƙwaya, da duk abin da na ga ya sauya. Gaban likita shi ba ya tuna rabin abin da ya faru, ni ce bakinsa.

Suma ta zube bayan mako biyu zuwa uku, fatar kai ta yi tsami, hular zanna ma ta gagara saboda zaren ɗinkin, sai ta auduga mai laushi. Wannan bai dame shi ba. Abin da ya karya masa zuciya tuƙi ne: dokar ƙasar nan ta ce mai ƙari a ƙwaƙwalwa ya sanar da hukumar lasisi, ya ajiye mota. Yanzu ni nake kai shi Juma'a. Sai gajiya, irin wadda barci ba ya maganinta. Salla a zaune yake yi.

Akwai fata. Tun 2011 aka fara samun sababbin magungunan da ke zaburar da garkuwar jiki ta yaƙi melanoma. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, a 2015 ta kai masa ƙwaƙwalwa, aka yi masa gashi da allurar pembrolizumab, ya rayu har Disambar 2024 yana da shekara 100. Amma ba kowa take yi wa haka ba, kuma ba na son a riƙa kawo mana labarinsa kamar alkawari. Maigida yana karɓar irin wannan allurar, kuma an gargaɗe mu cewa ko gudawa ce ta dame shi, mu buga waya asibiti nan take.

Ga roƙona. Addu'a muna so, ku ci gaba. Sassaƙe da jiƙo kuwa a dakata da aiko su, ana auna hantarsa a kai a kai, kuma ba na ba shi abin da likita bai sani ba. Masu cewa jifa ne ko sammu, don Allah kada ya ji daga bakinku. In kun kira, ku fara faɗin sunanku. "Ka gane mai magana?" jarrabawa ce gare shi, in ya kasa sai ya yini cikin damuwa. Ku kira da hantsi, lokacin ya fi kuzari, ku taƙaita. Ku ba shi labarin damina, farashin masara a Dawanau, wa ya yi aure, wa ya haihu. Ya gaji da amsa "yaya jiki".

Nan da 'yan makonni za a sake ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar a ga yadda gashin ya yi. Duk abin da aka ce, zan sanar da Yaya Babba, shi zai isar muku.

Wassalam,
'Yar uwarku a Ingila