Tof ɗin 504 ya sauka, silif ko ɗaya bai motsa ba

Jama'a, tof, wato murfin saman injin mota, ya sauka. Silif huɗun nan, bututun da fistin ke kai-komo a cikinsu, suna zaune daram a cikin bulok, wato gangar jikin injin, ko ɗaya bai ɗaga ba. Wanda bai taɓa buɗe injin Peugeot 504 ba zai ce to sai me, ai noti 10 ne ka kwance ka ɗauke abinka. Wanda ya taɓa buɗewa shi ya san abin da ya sa nake ta washe baki.

Ga waɗanda ba su bi maganar daga farko ba, motar doguwar 504 ce haɗin Kaduna, mai injin nan na XN1, cc 1971, bulok na baƙin ƙarfe, tof na alminiyam. Da ciwonta na saye ta. Tana shan ruwa ba ka ga inda yake zuba ba, lagireto na tafasa tun kafin inji ya yi wani zafin kirki, idan ka buɗe murfin baƙin mai kuma ka tarar da wannan farin kumfan. Duk mun san fassarar wannan, gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin tof da bulok, ya tafi. Shirina da farko shi ne in gama da birki da wayarin tukuna, inji ya zo daga baya, amma ganin ruwa na kwana cikin mai ya sa na ture sauran gefe.

Na sama-sama ba zan ɓata muku lokaci a kansu ba. Batir, iyakilina, kafireto, tiyoyin ruwa, fambel, duk sun fita lafiya. Famfon ruwan wannan injin a goshin tof yake, don haka na cire fanka na bar shi a jiki. Notunan manifol ɗin salansa sun ɗan yi gardama, domin injin a kishingiɗe yake zuwa dama, digiri 45, su kuma suna can ɓangaren da ya kwanta inda hannu ba ya shiga da daɗi. Abu ɗaya da zan tuna muku: zubar da ruwan lagireto kaɗai bai isa ba. Ku nemi notin da ke jikin bulok ku kwance. Nawa da na cire ko ɗigo bai zo ba, sai da na soka waya, sannan wani jan taɓo ya biyo baya.

Na bar injin ya huce sarai, sannan na bi notunan tof daga na gefe zuwa na tsakiya, kwata-kwatan juyi, ina zagayawa. Notunan da ke riƙe tof su ne ke riƙe sandar roka, ƙarafan da ke danna bawul, saboda haka tare suka tashi. Fushrod guda 8, sandunan da ke tura roka, na zare su ina ɗan murzawa don kada su janyo tafet ɗin da suke zaune a kai, na soka su a kwali bi da bi, tunda na shan mai da na fitar da hayaƙi ba tsawonsu ɗaya ba.

Daga nan ne aikin ya tsaya cak. Babu noti ko ɗaya da ke riƙe da tof, amma ko gezau.

A mota mai bulok na yau da kullum wannan ba wani abin damuwa ba ne, ka sami inda za ka ɗan bankara a hankali har ya saki. A 504 kuwa ba haka zancen yake ba. Silinda ɗinta ba a jikin bulok aka huda su ba. Silif ne guda huɗu da ake zurawa, suna tsaye kamar kofuna a cikin kwanon ruwa, ruwan lagireto na zagaye su kai tsaye. A ƙasa kowanne yana zaune a kan wani siririn sil mai tare ruwa, kuma babu abin da ke danne shi sai tof ɗin da kake neman cirewa. To idan gaskit ya manne a tof ta sama, ya manne a bakin silif ta ƙasa, kai kuma ka ɗaga tof ɗin tsaye, silif zai biyo ka. Ba sai ya fito ba. Ya ɗaga kaurin farce ma ya isa, domin tsatsa da taɓon da suka shekara a gindinsa za su faɗa ƙarƙashi, ya koma ya zauna a kan datti. Za ka ɗaura sabon gaskit, ka ɗaure komai tsaf, ka tayar da mota, ruwa ya ci gaba da gangarawa cikin mai ta ƙasa. Gyaran wannan kuwa sai ka sauke kwanon mai, ka zare fistin, ka fitar da silif, ka wanke mazauninsu, ka sa sabon sil. Aikin gaskit ya zama sauke inji ke nan.

Nawa kuma wanda ya taɓa buɗe shi kafin motar ta zo hannuna, Allah ya shirye shi, ya shafe gaskit ɗin da gam ciki da waje. Ana ganin busasshen gam ɗin ya tsattsafo ta gefe ya zama baƙi ƙirin. Wannan ɗabi'a ta lafta wa tof gaskit gam ban san wa ya koya wa mutanenmu ita ba. Gaskit mai kyau a kan fuska mai kyau ba ya bukatar komai, idan kuma fuskar ta lanƙwashe, gam ba zai tsare wuta ba, sai dai ya ɗaure wanda zai zo bayanka.

Shawarwari kam na sha su. Wani ya ce in buga sukudireba tsakanin tof da bulok. A alminiyam! Wani ya ce in mayar da fulogi in ɗan taɓa kii, iskar fistin za ta tunkuɗo shi. Wannan dabara ana yin ta a wasu injuna, amma a nan ita ce hanya mafi sauri ta tayar da silif, domin da zarar karanshaf ya juya, ringi na goga a jikin silif yana tura shi sama. Wani kuma ya kama bututun fulogi zai jijjiga, na riƙe masa hannu. Ni kaina na yi ta fesa man sassauta tsatsa a gefen gaskit ina jira, ban ga ya yi wani tasiri ba, gam ba tsatsa ba ne. Akwai yammacin da na rufe bonet na tafi gida raina a ɓace, har na fara lissafin nawa za a ba ni idan na sayar da ita a haka.

Wani dattijo da ya yi zamani da 404 da 504 a tasha shi ya warware mini. Na same shi na ce, Baba, tof ya ƙi tashi. Ya ce, yaro, wa ya ce maka tashi zai yi? Zamewa zai yi. Ka karya gam ɗin ta gefe, kada ka ja shi sama.

Ga yadda na yi. Na mayar da noti ɗaya a kusurwar baya na ɗaure shi da hannu kawai, don ya zama madogara. Na mayar da wani a gaba sako-sako, domin injin da ke kishingiɗe idan tof ya saki gaba ɗaya zai iya sulalewa ya faɗa kan bodi. Sannan na sami guntun katako mai ƙwari, na dafa shi a gefen tof ta gaba, wurin da alminiyam ɗin ke da kauri, nesa da famfon ruwa, na dinga bugun katakon da guduma. Kaɗan ta wannan gefe, in zagaya, kaɗan ta wancan. Ramin noti yana da ɗan sarari, kuma wannan ɗan sararin shi ne duk abin da ake bukata. Na daɗe ina yi babu alamar komai, har kafaɗata ta fara ciwo. Can sai na ji sautin bugun ya sauya, ya daina ƙara mai tauri ya koma wani bif-bif. Na sa hannu na tura, sai ga tof yana motsi dama da hagu a kan bulok. Na ci gaba da karkaɗa shi har na tabbata babu inda yake kamawa, sannan na cire notunan biyu, ni da ƙanena muka ɗauke shi. Wallahi sai da na yi kabbara.

Kafin ma in kalli gaskit, na danne silif. Kamfani yana da nasa ƙarfen na wannan aiki, amma ba sai kun neme shi ba. Na yanka guntayen bututun ruwa, na sami wasa, faifan ƙarfen nan masu huda da ake sa wa noti, masu faɗi da kauri, na zura tsofaffin notunan tof ta ciki na ɗaure su a ramukansu, yadda kowace wasa ta hau bakin silif biyu. Ba ɗauri mai ƙarfi ba, dannewa kawai. Motar kuma na fitar da ita daga giya na sa mata duwatsu, kada wani ya jingina da ita taya ta juya inji.

Gaskit ɗin ya ƙone ne tsakanin silinda biyu na tsakiya, ta 2 da ta 3. Fistin ɗin ta 3 ya fi sauran haske, tururi ya wanke shi tas. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne bakin ramukan ruwa na tof, duk sun ciccinye saboda shekarun da aka yi ana ɗura wa motar ruwan rijiya zalla. Na ɗora rula ta ƙarfe a fuskarsa, fila, siririn ƙarfen auna tazara, mai kaurin milimita 0.15 ta shige ta tsakiya ba tare da ta taɓa komai ba. Dole a goge shi a inji, kuma mai injin ya ce sai an cike ramuka biyu da walda tukuna. Walda da gugar ya yanka mini N45,000, bayan na riga na zuba N28,000 a kan saitin gaskit a Ƙofar Ruwa. Na roƙe shi ya ɗebi mafi ƙarancin abin da zai yiwu, domin alamu sun nuna an taɓa goge tof ɗin a baya.

Kafin ya dawo zan kankare gam ɗin da ya rage a bulok, in wanke ramukan noti, in auna tsinin da kowane silif ya yi sama da fuskar bulok. Fila da rula kawai gare ni, tazarar kuwa ba ta kai kaurin takarda biyu ba. Idan akwai mai agogon awo a cikinku a nan Kano da zai ara mini na yini ɗaya, ya yi mini magana.