Wa zai biya? Abin da gardamar Blackbird ta koya mini

A Landan akwai wani ƙaramin kamfani mai suna Blackbird, sana'arsa manhajar tace bidiyo a kan intanet. Ba sai kana da babbar kwamfuta ba, ba kuma sai ka sauke fayil mai nauyi ba. Burauza kawai za ka buɗe, bidiyon yana can a ma'ajiyar nesa, kai kuma kana yankawa kana haɗawa daga inda kake zaune. Hannun jarinsa yana AIM, ɓangaren ƙananan kamfanoni na kasuwar hannayen jari ta Landan, kuma da yawa daga masu riƙe da shi talakawan masu zuba jari ne, ma'aikata da 'yan fansho da suka sa ɗan abin da suka tara. Shekara da shekaru ke nan suna gardama a kansa. Wasu na cewa fasaharsa ta riga zamani, ranar da duniya ta farga za a sha mamaki. Wasu na cewa an daɗe ana jin wannan magana, a nuna musu riba.

Tace bidiyo ne sana'ata, da ita nake ci, don haka na fara fahimtar ɓangaren farko tun kafin in san yadda ake karanta lissafin kamfani. Duk wanda ya taɓa zama yana jiran ɗanyen hoto ya sauka alhali lokacin labarai na ƙaratowa ya san darajar abin da suka ƙera. Dabarar ita ce, bidiyo na shigowa, ko da kai tsaye ake ɗauka, manhajar na yin wani kwafi mara nauyi. A kan wannan kwafin kake aiki, kana ja gaba kana ja baya, hoto bayan hoto, ba tare da ya tsaya yana juyi ba, ko da intanet ɗinka ba ta da ƙarfi sosai. In ka gama, sai a can nesa a yanko ainihin mai ingancin daidai inda ka sa alama. A wasan ƙwallo, wannan na nufin a jefa ƙwallo a raga, kafin 'yan wasa su gama murna ɗan guntun ya kusa fita. Shi ya sa kamfanonin wasanni irin su IMG suka yi aiki da shi. Abin yana aiki, babu ja a nan.

Tarihin kamfanin ne ya fara sa ni tsayawa. Stephen Streater, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin manhaja na Eidos a 1990, shi ya kafa shi da sunan Forbidden Technologies. Kamfanin ya shiga AIM a shekarar 2000, lokacin da duk abin da aka liƙa wa sunan intanet farashinsa ke tashi. A 2004 ya fito da FORscene, manhajar tace bidiyo a burauza, tun YouTube bai zo duniya ba. Ian McDonough ya karɓi shugabanci a 2017, a 2019 aka sauya suna zuwa Blackbird. Wato fiye da shekara ashirin da fara wannan tafiya, amma kuɗin shigarsa na shekara bai wuce 'yan miliyoyin fam kaɗan ba, kuma shekara bayan shekara asara ake rubutawa. Masu goyon baya suna ɗaukar tsawon tarihin a matsayin shaidar cewa sun riga kowa. Masu shakka kuma wannan tarihin ne hujjarsu.

Wadda ta koya mini inda zan duba ita ce mai kula da kuɗi a ofishinmu, dattijuwa ce da muke kira Hajiya. Wata rana ina ta yaba mata fasahar, ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Ƙanena, kai da kake wannan sana'a, nawa ka ciro daga aljihunka bara ka biya wa manhajar tace bidiyo?" Na ce, "Hajiya, ta ofis ai ofis ke biya, ta wayata kuwa kyauta ce." Ta ce, "To kai ne kasuwar da suke nema. Buɗe rahoton shekara mu gani." Ba ta tsaya a jawabin shugaban kamfani ba, ba ta kalli hotunan tamburan abokan ciniki ba. Ta gangara can ƙasa zuwa shafin shige da ficen tsabar kuɗi, ta ɗora yatsa a kan layi biyu: abin da ya rage a asusu, da abin da aka ƙone a shekara. Ta ce in raba na farko da na biyu. Amsar ita ce tsawon lokacin da kamfani ke da shi kafin ya dawo neman kuɗi.

Wannan ɗan lissafin ya sauya yadda nake sauraron gardamar gaba ɗaya. Kamfanin da bai fara cin riba ba, in kuɗinsa ya yi ƙasa, yawanci sabbin hannayen jari yake bugawa ya sayar, sau da yawa a farashin da ya gaza na kasuwa, kuma Blackbird ya sha yin haka. Mai ƙaramin jari yana nan da adadin da ya saya, amma rabonsa ya ragu, kamar kwanon tuwo ɗaya ne ake ta ƙara masa hannaye. Abin da ke damuna shi ne, mutumin da ya fi kowa imani da kamfanin, wanda ya riƙe tun tuni bai sayar ba, shi ne wannan ragin ya fi taɓawa. Kana iya yin daidai a kan cewa fasahar za ta yi nasara wata rana, amma kafin ranar ta zo an tsinka rabonka sau da dama.

Sai kuma maganar sanarwa. A kasuwar Landan, da ƙarfe bakwai na safe kamfanoni kan fitar da sanarwarsu, kuma masu ƙananan jari kan wayi gari suna jiran ta. In aka ce an ƙulla yarjejeniya da wani babban gidan talabijin, sai murna ta tashi saboda girman sunan. Amma sau da yawa ba a faɗin nawa ne kuɗin. Ni da nake ciki na san babban gida na iya sayen lasisin mutum goma kawai don wani ɗan sashe, sauran ɗaruruwan ma'aikatansa kuma suna kan Adobe Premiere ko Avid kamar yadda suka saba. Mai tace bidiyo ba ya son sauya manhaja. Yatsunsa sun haddace maɓallai, tsofaffin ayyukansa suna can, abokan aikinsa ma can suke. Sabuwar manhaja ta fi sauri, ya yarda, amma sati biyun da zai yi yana lalube wa zai biya shi? Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shekarar 2020 ta zo wa masu goyon baya da hujja mafi ƙarfi. Korona ta kulle ofisoshi, masu tace bidiyo suka koma gida, kowa ya shiga neman hanyar aiki daga nesa. Farashin Blackbird ya hau sosai zuwa 2021. Sai dai abin da ya biyo baya shi ne darasin da ya fi zauna mini. Da buƙatar ta bayyana, manya suka shigo. A 2021 Adobe ya sayi Frame.io, dandalin duba bidiyo da aiki tare ta intanet, a kan dala biliyan 1.275. A shekarar dai Microsoft ya sayi Clipchamp, manhajar tace bidiyo a burauza, daga baya ya saka shi cikin Windows 11. ByteDance, mai TikTok, ya baza CapCut kyauta a wayoyin duniya, har da namu. Yawancin matasan da na sani masu haɗa bidiyo da shi suka koyi aikin. Blackmagic kuma dama yana ba da DaVinci Resolve kyauta, don kyamara da sauran na'urori yake sayarwa. Yawancin waɗannan ba sa buƙatar cin riba daga tace bidiyo, wani abin suke sayarwa, tacewar ƙari ce. Ƙaramin kamfanin da tacewar ce kaɗai hajarsa yana gogayya ne da masu raba irin hajarsa a banza.

Masu goyon baya sukan amsa da cewa ai wannan saye-sayen alama ce, wata rana wani babba zai zo ya sayi Blackbird da tsada. Yana iya faruwa. Amma sayen kamfani ba kullum yake zama alheri ga wanda ya shiga a sama ba. Vimeo, dandalin ɗora bidiyo a intanet, ya shiga kasuwar hannayen jari da kansa a 2021 da darajar biliyoyin daloli masu yawa, a 2025 kuma kamfanin Bending Spoons ya amince ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 1.38. An saye shi, amma wanda ya shiga a makon farko da asara ya fita.

Ban yarda da masu shakkar da ke raina kamfanin ba. Riƙe injiniyoyi fiye da shekara ashirin a kan matsala ɗaya mai wuya ba ƙaramin abu ba ne, kuma sun warware ta. Ina kuma jin zafin yadda wasu ke yi wa masu riƙe da jarin dariya, alhali mutane ne da suka karanta, suka gwada manhajar, suka ga tana da kyau. Kyawun kuwa gaskiya ne. Tambayar da suka amsa ce ba ita ke ƙayyade farashi ba.

A 2024 kamfanin ya juya ga masu haɗa bidiyo na kansu da sabuwar manhaja mai suna elevate.io, wadda mutane da yawa za su iya aiki a kan bidiyo ɗaya lokaci guda, aka fara da kyauta, daga baya aka sa tsarin biya. Yanzu gardamar ta koma kan yawan masu rajista. Rajista kuwa kyauta ce, ni kaina na yi a manhajoji da dama da ban sake buɗewa ba. In rahoto ya fito, lambobi uku nake nema: mutum nawa ke biya a wata, nawa aka kashe a talla kafin a samo kowane ɗaya, kuma nawa ne daga cikinsu ke nan bayan wata shida. Daga nan sai in gangara shafin tsabar kuɗi in yi rabawa.